Wa ya ƙirƙiro ƙwan lantarki: Edison ko Lewis Latimer?

Da gaske ne baƙar fata ne ya ƙirƙiro ƙwan lantarki, Edison ya ƙwace sunan?

Maganar ta daɗe tana yawo a Facebook da WhatsApp, kuma a 2020 Joe Biden ya faɗe ta a garin Kenosha na Amurka lokacin yaƙin neman zaɓe, ya ce baƙar fata ne ya ƙirƙiro ƙwan, ba Edison ba. Wanda ake nufi shi ne Lewis Latimer. Sai dai tarihi bai goyi bayanta a yadda ake faɗarta ba. A watan Oktoban 1879 Thomas Edison ya gwada ƙwan da ya yi sa'o'i fiye da 13 yana ci, ya karɓi takardar mallakar fasahar a Janairun 1880. Latimer kuwa sai a 1880 ya shiga harkar lantarki, a kamfanin Hiram Maxim, abokin gogayyar Edison.

To ke nan Edison ne shi kaɗai?

A'a. Tun farkon ƙarni na 19 Humphry Davy ya nuna hasken lantarki a Ingila. Joseph Swan ya nuna nasa ƙwan a Newcastle a 1879, har ta kai shi da Edison suka haɗa kamfani ɗaya a Birtaniya a 1883. Abin da Edison ya fi su da shi shi ne ƙwan da ke daɗewa, da kuma tsarin kai wuta gida-gida.

Mene ne ainihin aikin Latimer?

Nan ne ya kamata a tsaya. A cikin ƙwan akwai siririn zare wanda wuta ke bi ya yi haske. A wancan zamani daga takarda ko gora ake yin sa, a gasa shi har ya koma gawayi. Matsalar ita ce yakan lanƙwashe ko ya karye wajen gashin, a yi asara mai yawa. Latimer ya fito da dabarar sa zaren a cikin kwali kafin a gasa, sai ya fito da siffarsa. Ya samu takardar mallakar wannan dabara a Janairun 1882. Ya kuma kula da kafa fitilun Maxim a Niyok, Filadelfiya, Montiriyal da Landan.

Kafin wannan, shi ne ya zana hotunan da Alexander Graham Bell ya shigar da su neman mallakar wayar tarho a 1876. A 1884 ya koma wajen Edison, ya zama mai zane kuma shaidan kamfanin a kotu idan ana shari'ar mallakar fasaha. A 1890 ya wallafa littafi kan hasken lantarki. Da aka kafa ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan Edison a 1918, shi kaɗai ne baƙar fata a cikinsu.

Duk wannan fa ɗan bayi ne ya yi shi. Iyayensa sun tsere daga jihar Bajiniya ta Amurka a 1842, aka kama mahaifinsa a Boston, sai da masu adawa da bauta suka tara dala 400 suka fanshe shi. Latimer bai je jami'a ba; yana ɗan aike a ofishin lauyoyi ya koya wa kansa zane.

Me ya sa mutane ke saurin yarda cewa an zalunce shi?

Don an sha yin zaluncin. A 1858 babban lauyan gwamnatin Amurka ya yanke cewa ba a ba da takardar mallaka kan abin da bawa ya ƙirƙira. Littattafan makaranta kuma sun daɗe ba sa ambaton baƙaƙen fata masu ƙirƙira irin su Latimer da Granville Woods. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Mene ne laifi idan an ɗan ƙara masa?

A ganina shi ake cuta. Duk wanda ya duba shekarun zai ga 1879 ta riga 1882, daga nan sai ya watsar da labarin baki ɗaya, har da ɓangaren da ke gaskiya. Ƙarin kuma yana nuna kamar aikin da ya yi bai isa a girmama shi ba, alhali takardunsa na nan a ofishin mallakar fasaha na Amurka da sunansa, gidansa da ke unguwar Flushing a Niyok kuma an mayar da shi gidan tarihi.