Binciken Bibiyar Lafiyar Jama'a na Dogon Zango

Binciken bibiyar lafiyar jama'a na dogon zango hanya ce ta nazarin cututtuka inda masana ke ɗaukar rukunin mutane masu yawa, daga dubbai har zuwa sama da miliyan, su rubuta halin da suke ciki tun suna da ƙoshin lafiya, sannan su ci gaba da bin sawunsu shekara da shekaru don ganin wa ya kamu da wace cuta, wa kuma ya tsallake. Abin da ake rubutawa ya haɗa da cimaka, shan taba da barasa, motsa jiki, barci, sana'a, nauyi, awon jini, a zamanin nan kuma har da ƙwayoyin halittar da mutum ya gada daga iyayensa. An fi amfani da wannan hanya a kan cututtukan da ba a ɗauka daga wani, irin su ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon sukari da ciwon daji, waɗanda a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya su ke jawo kusan kashi uku cikin huɗu na mace-macen duniya.

Dalilin doguwar jira shi ne irin waɗannan cututtuka ba sa zuwa dare ɗaya. Jijiyar jini kan ɗauki shekara ashirin ko talatin tana cushewa kafin zuciya ta buga. In aka bari sai mutum ya kwanta sannan a tambaye shi me ya riƙa ci a baya, zai manta wasu abubuwa, wasu kuma ciwon da yake fama da shi zai sa ya ƙara musu gishiri. Amma in an rubuta komai tun cutar ba ta zo ba, ba a shakkar abin da ya riga wani.

Asali

Lokacin da shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu a watan Afrilun 1945 sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, awon jininsa ya kai 300/190. A wancan zamani likitoci da yawa suna ɗaukar hawan jini a matsayin abin da tsufa ke zuwa da shi, ba abin da za a yi wa magani ba. Shekara uku bayan haka, a 1948, aka fara binciken zuciya na Framingham, wani ƙaramin gari a jihar Massachusetts, da maza da mata 5,209 masu shekara 30 zuwa 62, ana duba su duk bayan shekara biyu. Daga nan aka tabbatar cewa hawan jini, yawan kolestarol (wani nau'in kitse) a jini, shan taba, ƙiba da ciwon sukari suna ƙara haɗarin ciwon zuciya. A 1971 aka shigar da 'ya'yan mutanen farko, a 2002 kuma jikokinsu.

A Birtaniya, masana biyu, Richard Doll da Austin Bradford Hill, sun aika wa likitocin ƙasar kusan 60,000 gajeriyar takardar tambaya a 1951 kan ko suna shan taba, kuma nawa suke sha. Kimanin 40,000 suka amsa. Zaɓen likitoci dabara ce mai kyau, domin sunan kowane yana cikin rajistar ƙasa, ba ya ɓacewa cikin sauƙi. Sakamakon farko ya fito a 1954, ya nuna alaƙar taba da ciwon dajin huhu. Rahoton cikar shekara hamsin, wanda aka buga a 2004, ya nuna cewa wanda ya daɗe yana shan sigari kan rasa kimanin shekara goma na rayuwarsa, wanda kuma ya daina tun yana ɗan shekara talatin kan kauce wa kusan dukkan wannan asara. Doll kansa mashayin taba ne a da, abin da ya gani a aikinsa ne ya sa ya daina.

Wasu suka biyo baya. Binciken Whitehall, wanda aka fara a 1967 kan ma'aikatan gwamnati a Landan, ya gano cewa ƙananan ma'aikata sun fi manyansu mutuwa da wuri, kuma bambancin shan taba da hawan jini bai isa ya bayyana tazarar duka ba. A Amurka, binciken lafiyar ma'aikatan jinya ya fara a 1976 da mata 121,700. A Norwe, binciken HUNT ya gayyaci dukkan manyan da ke zaune a lardin Nord-Trøndelag tsakanin 1984 da 1986, ya sake komawa gare su a 1995, 2006 da 2017.

Yadda ake gudanar da shi

Mutumin da ya shiga UK Biobank, wani babban binciken bibiya na Birtaniya da ya tara mutane kusan 500,000 masu shekara 40 zuwa 69 tsakanin 2006 da 2010, yakan shafe awa biyu zuwa uku a cibiyar bincike. Zai zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi, a auna jininsa, tsayinsa da kewayen ƙugunsa, ya matsa wani ƙarfe don a ga ƙarfin damƙarsa, ya hura iska cikin bututu don gwada huhunsa, sannan ya ba da jini da fitsari. Ana rarraba samfuran cikin ƙananan kwalabe, a manna musu lamba maimakon suna, a adana su cikin sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Jinin da aka ɗiba shekara goma sha biyar da suka wuce ana iya ciro shi yau a yi masa gwajin da ba a ma ƙirƙiro shi ba a ranar da aka ɗebe shi.

Aikin da ya fi wuya shi ne bibiyar. A ƙasashe irin su Norwe, inda kowa ke da lambar shaidar ɗan ƙasa, ana iya haɗa bayanan binciken da rajistar asibiti, ta ciwon daji da ta mutuwa, bisa yardar mahalarta. Inda babu wannan, sai an bi mutane da wasiƙa, waya ko ƙafa.

Shigowar ilimin gado

Arahar da karanta ƙwayoyin halitta ta yi bayan shekarar 2000 ta sauya wannan fage. A binciken zuciya na Dallas, Helen Hobbs da Jonathan Cohen sun gano cewa wasu baƙaƙen fatar Amurka suna ɗauke da sauyi a ƙwayar gado mai suna PCSK9, wanda ke sa kolestarol ɗinsu ya zauna ƙasa tun daga haihuwa. A 2006 aka nuna cewa ciwon zuciya ba kasafai yake kama su ba. Zuwa 2015 an amince da magungunan da ke kwaikwayon wannan sauyi.

Gado ya kuma taimaka wajen raba gardama. An daɗe ana ganin kamar masu shan barasa kaɗan sun fi waɗanda ba sa sha lafiya. Binciken Kadoorie na ƙasar Sin, mai mutane fiye da 510,000 daga yankuna goma, ya yi amfani da wasu sauye-sauyen gado da suka yawaita a gabashin Asiya, waɗanda ke sa mutum jin rashin daɗi da zarar ya kurɓi barasa, don haka ba ya sha da yawa. Tunda ba wanda ya zaɓi gadonsa, wannan ya zama tamkar an raba mutanen zuwa masu sha da yawa da masu sha kaɗan ta hanyar ƙuri'ar sa'a. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana hawa daidai da yawan barasar da ake sha, babu wata kariya a cikin shan kaɗan.

Inda yake da rauni

Ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifar da ɗaya. Binciken bibiya ya taɓa nuna kamar matan da ke shan magungunan homon (sinadaran jikin mace da ke raguwa idan ta manyanta) bayan ɗaukewar haila suna samun kariya daga ciwon zuciya. Babban gwajin da aka yi a Amurka, wanda aka dakatar da wani sashensa a 2002, bai sami wannan kariya ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne matan da ke shan maganin tun farko sun fi wadata da kula da lafiyarsu.

Akwai kuma matsalar waɗanda ke amsa gayyata. A zagayen farko na HUNT kusan kashi 90 cikin ɗari suka fito, a na uku kuwa kashi 54 kacal. UK Biobank ya gayyaci mutane sama da miliyan tara, kashi 5.5 cikin ɗari suka shiga, kuma sun fi sauran jama'a lafiya.

Babban giɓin, wanda ya kamata ya dami kowa, shi ne na asali. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka yi binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali ba su wuce kashi 16 na mutanen duniya ba, kuma nahiyar Afirka ce ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin halitta. Illar a fili take: ma'aunin haɗarin ciwon zuciya na Framingham ya zuzuta haɗarin lokacin da aka gwada shi a kan mutanen Sin. Shirin H3Africa, na nazarin gado da lafiya a Afirka, ya fara tallafa wa bincike a 2012 don rage wannan giɓi, kuma a ƙarƙashinsa aikin AWI-Gen ya tara manya kimanin 12,000 a Burkina Faso, Gana, Kenya da Afirka ta Kudu. A wurare irin su Navrongo a Gana da Agincourt a Afirka ta Kudu, inda mutane da yawa ke rasuwa a gida ba tare da takardar likita ba, ma'aikatan bincike kan je su zauna da iyalan mamacin, su tambaye su alamomin da suka gani a kwanakinsa na ƙarshe, daga amsoshin ne ake ƙiyasta abin da ya yi ajalinsa.