Waiwaye: Tun lokacin da Kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani

Duk damina, da zarar ruwa ya ci gonakin Auyo, Guri da Kirikasamma, sai gardama ta dawo sabuwa: wasu su ce dam aka buɗe, wasu su ce sauyin yanayi ne. Ambaliyar 2022 ta ƙara mata zafi. Amma abin ya daɗe yana tafe.

Ɓangaren da kowa ya sani gajere ne. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ana tsaka da fari, ta Challawa ta biyo baya a 1992; Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. A 1991 aka yanki Jigawa daga Kano, Yobe daga Borno, sai kogi ɗaya ya wayi gari kansa a wata jiha, cikinsa a wata, wutsiyarsa a wata.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne rani. A da, Kogin Haɗeja na damina ne. Ruwa ya zo da ƙarfinsa, ya share yashin da ya taru, ya malale fadama, mai shinkafa ya samu, masunci ya samu. Rani na yi ya janye, gindin kogi ya bushe ƙarau. Bayan Tiga aka riƙa sako ruwa da rani saboda noman rani. Kogin ya daina ƙafewa, ya kuma rasa ƙarfin da yake wanke kansa da shi. Ruwa kaɗan kwance shekara zagaye, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi (jigawar da jihar ta ci sunanta), ai abin nema ya samu ga kachalla.

Ciyawa ce da ta fi tsawon mutum, kwale-kwale ba ya ratsa ta. Saiwarta na kama laka, lakar ta taru ta toshe hanya. Haka reshen Burum Gana ya shaƙe, ruwa ya karkata ta reshen Marma zuwa Nguru, gonakin wasu suka nutse, na wasu suka bushe. A cikin kachallar kuma tsuntsun jan-baki ke kwana, da safe ya sauka kan shinkafa.

Dausayin Baturiya, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, wanda ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008, da wannan ruwan yake rayuwa. A ƙauyukan gefensa har yanzu ana fita gayya da lauje, ruwa iya ƙirji, a yanke kachalla. Kafin wata damina ta sake tofowa.