Maikrobayom: Yadda Kwamfuta Ke Gano Kumburin Hanji Daga Bahaya

Maikrobayom na hanji shi ne taron ƙananan halittun da ke zaune a cikin hanjin mutum, galibinsu bakteriya, haɗe da bayanan gadonsu. Wani lissafi da masana a Cibiyar Weizmann suka fitar a 2016 ya nuna baligi na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, nauyinsu duka kimanin giram 200. Akasarinsu ba masu cutarwa ba ne. Su ke sarrafa ɓangaren ganye da hatsin da cikinmu ya kasa narkarwa, kuma da su garkuwar jiki ke koyon bambanta abokin zama da abokin gaba.

Akwai kumburin hanji mai naci wanda ba ya warkewa gaba ɗaya, sai dai ya lafa ya sake tashi. Manyan nau'o'insa biyu ne: cutar Crohn, wadda aka bayyana a 1932 kuma tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, da ulsaratif kolaitis, wadda ke tsayawa a babban hanji. Gudawa mai jini, murɗar ciki, rama da kasala su ne alamominsu. Matsalar ita ce atini da tarin fuka na hanji ma haka suke zuwa. Shi ya sa likita ke buƙatar zura siririyar kyamara ta dubura, ya duba bangon hanji, ya tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Kafin ranar sai mara lafiya ya ƙaurace wa abinci mai nauyi, ya sha maganin wanke ciki, ya yi ta zaryar banɗaki. Yaro ɗan shekara takwas ma haka zai jure.

To, an lura cewa idan hanji ya kumbura, jama'ar cikinsa na sauyawa. Nau'o'in bakteriya kan ragu. Wata mai suna Faecalibacterium prausnitzii, wadda ke samar da sinadarin butiret da bangon hanji ke ci, takan yi ƙaranci, dangin E. coli kuma su yi yawa. Amma babu ƙwaya ɗaya tak da za a nuna a ce ita ce shaida. Canjin ya bazu ne a kan ɗaruruwan nau'o'i, wannan ta ɗan hau, waccan ta ɗan sauka, kuma ko mutum biyu masu ƙoshin lafiya ba su da tsari iri ɗaya.

A nan koyon na'ura ke shigowa. Ana karɓar ɗan bahaya, a ciro DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, a karanta wani yanki nasa da ake kira 16S wanda ke nuna nau'in kowace bakteriya, ko kuma a karanta duk abin da ke ciki. Sakamakon tebur ne: kowane layi mutum ɗaya, kowane gida kuma yawan wata bakteriya. Sai a ba kwamfuta teburin mutanen da likitoci suka riga suka tantance, a ce mata wannan yana da cutar, wannan ba shi da ita. Wata dabara da aka fi amfani da ita takan gina ɗaruruwan jerin tambayoyi. Wance ta yi ƙasa da kaza? In haka ne, wance ta haura kaza? Kowane jeri ya kaɗa ƙuri'arsa, a bi rinjaye. Daga nan a gwada ta da mutanen da ba ta taɓa gani ba, domin sai a nan ake sanin ko ta koya ne ko hadda kawai ta yi.

An ga alamun nasara. A 2014 wani bincike kan yara 447 da aka gano suna da Crohn kafin su fara shan magani ya nuna tsarin bakteriya na iya ware su daga waɗanda ba su da ita, kodayake samfurin bangon hanji ya fi na bahaya bayyana gaskiya.

Abin da ya fi damuna shi ne wa kwamfutar ta koya daga gare shi. Abinci, shekaru da shan antibayotik duk suna jirkita maikrobayom. Idan marasa lafiyar da ke cikin teburin sun sha magani, masu lafiyar kuma ba su sha ba, kwamfuta na iya koyon sawun maganin alhali ana zaton cutar ta gano. Wani bincike na 2018 kan mutum fiye da 7,000 a lardin Guangdong na China ya nuna tsarin gano cututtuka da aka gina a wata gunduma yakan yi rauni idan aka kai shi wata. Wani nazari na 2022 kuma ya gano sama da kashi 70 cikin ɗari na samfuran maikrobayom ɗin mutane da aka tara don bincike, waɗanda aka san asalinsu, daga Turai, Amurka da Kanada suka fito.

Don haka har yau kyamara da gwajin nama ne ke yanke hukunci, gwajin kalfurotektin na bahaya kuma, wanda ke auna wani sinadari da ke ƙaruwa idan hanji ya kumbura, ya riga ya zama hanyar tace waɗanda za a duba a asibitoci. A ganina gurbin da ya dace da wannan fasaha shi ne taimaka wa likita ya san wa zai fara dubawa, kuma kafin a yarda da ita a kowace ƙasa sai an gwada ta da hanjin mutanen wurin.