Kwamitin No Grandi Navi na Venis

No Grandi Navi, wanda ma'anarsa a harshen Italiyanci ita ce "ba ma son manyan jirage", kwamiti ne na mazauna birnin Venis da ke arewa maso gabashin Italiya, wanda ke fafutukar a fitar da manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido daga tafkin da birnin yake zaune a cikinsa. An kafa shi a wajen farkon shekarar 2012, ta hanyar haɗa ƙungiyoyin unguwanni da masu kare muhalli da wasu malaman jami'a. Cikakken sunansa ya ƙunshi kalmomin Laguna Bene Comune, wato tafki dukiyar kowa ce. Cikin waɗanda suka yi magana da yawunsa akwai ɗan jarida Silvio Testa, daga baya kuma Tommaso Cacciari.

Wurin da ake rigima a kansa

Tafkin Venis ruwan gishiri ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 550, amma zurfinsa a mafi yawan wurare bai wuce mita ɗaya ba. Wasu siraran tsibirai ne suka raba shi da tekun Adriyatik, kuma ƙofofi uku kawai yake da su: Lido da Malamocco da Chioggia. Har zuwa 2021, jirgin yawon buɗe ido kan shigo ta ƙofar Lido, ya ratsa gaban dandalin San Marco, ya bi mashigin Giudecca tsakanin gidajen jama'a, sannan ya tsaya a tashar Marittima da ke yammacin birnin. Ƙananan jiragen ja ne ke riƙe da shi gaba da baya. Da yawa daga cikin jiragen tsawonsu ya doshi mita 300, kuma benayensu na sama sun ɗara rufin kusan kowane gida a birnin. Kafin annobar korona, fasinjojin da ke bi ta tashar sun kai kimanin miliyan ɗaya da rabi a shekara, alhali mazauna tsohon birnin, waɗanda suka kai kusan 175,000 a 1951, sun ragu zuwa ƙasa da 50,000 a 2022.

Tarihi

A daren 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar tsibirin Giglio da ke yammacin Italiya, mutum 32 suka mutu. Hatsarin bai faru a Venis ba, amma shi ya sa aka fara sauraron kwamitin. A watan Maris na wannan shekara gwamnati ta fitar da dokar da ake kira Clini-Passera, da sunayen ministocin biyu da suka sa mata hannu. Ta haramta wa jirgin da ya haura tan 40,000 bi ta gaban San Marco da mashigin Giudecca, sai dai an saka mata sharaɗin cewa ba za ta fara aiki a Venis ba sai an samar da wata hanya. Wannan sharaɗi shi ya kashe dokar tsawon shekara tara. (Tan ɗin da ake nufi a nan ma'aunin girman cikin jirgi ne, ba nauyinsa ba.)

A watan Satumban 2013 wasu 'yan kwamitin suka faɗa cikin mashigin Giudecca da iyo, suka tsayar da jiragen da ke shirin fita na wani lokaci. Bayan wata biyu gwamnati ta sanar da cewa za a hana jiragen da suka wuce tan 96,000, a kuma rage yawan matsakaita. Kotun harkokin mulki ta yankin Veneto ta dakatar da matakin a 2014, ta soke shi a farkon 2015, ko da yake kamfanonin sun ci gaba da bin iyakar tan 96,000 bisa raɗin kansu.

A waɗannan shekarun ne aka yi ta jayayya kan "wata hanyar". Hukumar tashar, ƙarƙashin Paolo Costa, ta goyi bayan a yashe mashigin Contorta Sant'Angelo, wata 'yar ƙaramar hanyar ruwa, a faɗaɗa ta har ta ɗauki manyan jirage. Kwamitin ya ƙi amincewa, yana cewa an ɗauke cuta daga ido ne an mayar da ita ciki. Wani shirin kuma ya nemi a gina sabuwar tasha a bakin ƙofar Lido, a riƙa shigo da fasinja da ƙananan jirage. Magajin gari Luigi Brugnaro, wanda ya hau mulki a 2015, ya fi karkata ga kai jiragen yankin masana'antu na Marghera. A watan Yunin 2017 kwamitin ya shirya ƙuri'ar jin ra'ayi wadda hukuma ba ta amince da ita ba. Kimanin mutum 18,000 suka kaɗa, kusan kashi 99 cikin 100 suka zaɓi a fitar da jiragen daga tafkin baki ɗaya.

Abin da aka daɗe ana tsoro ya auku da safiyar 2 ga Yunin 2019. Jirgin MSC Opera, mai tsawon kusan mita 275, ya ƙwace a mashigin Giudecca bayan injinsa ya samu matsala, jiragen ja suka kasa tsayar da shi, ya daki matsayar San Basilio da wani jirgin kogi mai suna River Countess. Mutane kaɗan ne suka ji rauni. Bayan kusan wata guda, jirgin Costa Deliziosa ya kusa murƙushe wani jirgin shaƙatawa da ke ɗaure a gaɓa lokacin guguwa. Tun a watan Yunin, bayan hatsarin MSC Opera, dubban mutane suka fito zanga-zanga.

Annobar korona ta tsayar da zirga-zirgar. Da jirgin MSC Orchestra ya sake bi ta Giudecca a farkon Yunin 2021, 'yan kwamitin suka tarbe shi da kwale-kwale da tutoci. A daidai lokacin hukumar UNESCO, wadda ta saka Venis da tafkinta cikin wuraren tarihi na duniya tun 1987, na duba yiwuwar mayar da birnin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Ranar 13 ga Yuli gwamnatin Mario Draghi ta amince da dokar da ta fara aiki 1 ga Agustan 2021. Dokar ta ayyana hanyoyin ruwan San Marco da Giudecca a matsayin kayan tarihi na ƙasa, ta kuma rufe su ga duk jirgin da ya faɗa ɗaya daga cikin rukuni huɗu: wanda ya wuce tan 25,000, ko tsawon mita 180, ko tsayin mita 35 daga saman ruwa, ko wanda ke ƙona mai da farar wutarsa ta kai kashi 0.1 cikin 100.

Hayaƙi

Jirgin yawon buɗe ido ba ya kashe injinsa idan ya tsaya. Otal ne mai ɗauke da dubban mutane, don haka janaretocinsa na aiki dare da rana saboda na'urorin sanyaya ɗaki da kicin da wanki da fitilu, kuma babban jirgi kan buƙaci megawat goma ko fiye. Hayaƙin na ɗauke da iskar farar wuta da ta naitirojin da ƙurar da ido ba ya gani, wadda ke shiga can cikin huhu. Kafin 2020 baƙin man jiragen ruwa na iya ƙunsar farar wuta har kashi 3.5 cikin 100, daga nan aka rage zuwa 0.5. Tun 2010 dokar Tarayyar Turai ta wajabta man da bai wuce kashi 0.1 ba ga jirgin da ke tsaye a tasha, kuma daga 1 ga Mayun 2025 wannan iyaka ta shafi dukkan Bahar Rum. Ko wannan mai "mai tsabta" ya ninka dizal ɗin motocin Turai sau ɗari wajen farar wuta.

Maganin da aka fi ambata shi ne jona jirgi da wutar lantarkin gari. Aikin na da sarƙaƙiya: yawancin jirage na amfani da wuta mai bugun 60 a daƙiƙa, layin Turai kuwa 50 ne, don haka sai an kafa na'urar sauya bugun, da taransifoma mai bayar da bolt 6,600 ko 11,000, da ƙugiyar ɗaga manyan wayoyi zuwa jikin jirgin. Wasu jiragen kuma na wanke hayaƙinsu da ruwan teku su zubar da ruwan wankin, abin da ke mayar da gurɓatar daga iska zuwa ruwa. Ƙungiyar kare muhalli ta Transport & Environment ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar da jiragen ke jawowa a Venis ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100 bayan haramcin.

Zaizayar tafki

Wannan ne ɓangaren da baƙo ba ya gani, kuma shi ne dalilin da ya sa kwamitin bai ɗauki dokar 2021 a matsayin ƙarshen magana ba. Idan ƙaton jirgi ya bi ta ƙunƙuntar hanya a ruwa maras zurfi, yakan tura ruwa gaba, ruwan gefensa ya yi ƙasa farat ɗaya, ya janye daga kan fadamun da ke kusa, sannan ya dawo da ƙarfi bayan jirgin ya wuce. Kowace wucewa na tayar da lakar ƙasa; wata ta gangara cikin mashigin, sai an sake yashe shi, wata kuma ta bi janyewar ruwa zuwa teku, ba ta dawowa. Ƙarfin abin na ƙaruwa da girman jirgi da gudunsa.

An ga misalin haka a mashigin Malamocco zuwa Marghera, wanda ake kira Mashigin Man Fetur, da aka haƙa a shekarun 1960 domin jiragen dakon mai. Tsakiyar tafkin da ke kewaye da shi ta ƙara zurfi, fadamun gishiri da ke karya ƙarfin igiyar ruwa sun ragu, kuma masu bincike na Italiya sun auna gaɓar da ke ja da baya da mitoci a shekara. Ta wannan mashigin ne manyan jiragen yawon buɗe ido ke shiga yanzu.

Saɓani

Ma'aikatan tasha da masu tasin ruwa da dillalan kaya sun yi nasu gangamin na goyon bayan jiragen, suna cewa dubban ayyuka sun dogara da su. Ɓangarorin biyu ba su taɓa daidaitawa kan alƙaluman riba da asara ba.

Halin da ake ciki

Manyan jirage na tsayawa a matsayan wucin gadi a Marghera da Fusina, wasu kamfanonin kuma sun koma tashoshin biranen Ravenna da Trieste suna kawo fasinja da bas. Kwamitin na ci gaba da adawa da shirin sake yashe hanyar Marghera da mashigin Vittorio Emanuele, wanda zai ba jirage damar komawa tashar Marittima ta baya.