Idan abokin wasanka ya sayar da wasa, kai ma za a kore ka? Abin da dokar tanis ta tanada

Duk lokacin da hukumar ITIA mai yaƙi da maguɗi a wasan tanis ta sanar da korar wani ɗan wasa, sai magana ta yaɗu cewa a wasan bibbiyu na maza, musamman a ƙananan gasanni, laifin mutum ɗaya na biyu ne. Wai da zarar abokin wasanka ya karɓi kuɗin 'yan caca, kai ma taka ta ƙare. Wannan magana ta tsorata matasa da iyayensu, kuma ba haka dokar yaƙi da maguɗi ta tanis ta ce ba. Sai dai akwai wani sashe nata da ya fi jita-jitar haɗari, shi ne kuma aka fi yin sakaci da shi.

Dokar ta hau kan 'yan wasa, da masu horar da su, da wakilansu, da duk wanda ya shiga gasa da katin izini ta hannun ɗan wasa, da alƙalai da ma'aikatan gasa. ITIA ce ke zartar da ita tun watan Janairun 2021, lokacin da ta gaji sashen binciken da aka kafa a 2008.

Me ya sa ido yake kan wasan bibbiyu? Kuɗinsa ba shi da yawa. A gasannin mataki mafi ƙanƙanta na hukumar tanis ta duniya (ITF), irin waɗanda ake yi kusan kowane mako a Monastir ta Tunisiya da Sharm el-Sheikh ta Masar, sa'ad da jimillar kuɗin gasa take dala 15,000, waɗanda suka ci kofin bibbiyu ba sa samun ko dala 1,000, kuma su biyu za su raba, ga kuɗin jirgi da na masauki suna jira. Tsarin lissafin ma ya sauƙaƙa wa mai mugun nufi: idan aka yi kunnen doki a 40 da 40, maki ɗaya ke raba gardama, kuma maimakon zango na uku sai a yi tseren zuwa maki 10. Ɓarar da sabis, wato bugun fara wasa, sau biyu a wurin da ya dace ya isa ya juya wasa, a filin da sau da yawa ba 'yan kallo.

Dokar ba ta hukunta mutum don kawai yana gefe ɗaya na raga da mai laifi. Kowa da tuhumarsa, kuma dole a nuna abin da shi kansa ya aikata ko ya sani. Haka nan idan kamfanin caca ya kai rahoton cewa an zuba kuɗi ta hanyar da ba a saba ba a kan wani wasa, ITIA da bakinta tana cewa wannan ba hujja ba ce, mafarin bincike ne. Rauni, ko gajiya, ko zafin rana duk suna iya jawo hakan.

Wasu kuma suna ganin laifin shi ne sayar da wasa ɗungurungum. A'a. Shirya kowane ɓangare na wasa laifi ne, ko maki ɗaya, ko da ƙungiyarku ce ta yi nasara daga ƙarshe. Caca ma haka: an haramta wa ɗan wasa zuba kuɗi a kan kowane wasan tanis, nasa ko na wani, ko da kansa ya zaɓa zai ci.

Sashen da ke kayar da mutane shi ne wajibcin kai rahoto. Idan wani ya tunkare ka da tayi, ta waya ko a harabar otel, ka ce masa Allah ya kiyaye ka wuce, ba ka sauke nauyi ba tukuna. Dole ka sanar da ITIA ba tare da ɓata lokaci ba. Ƙari a kan haka, idan ka san wani ya karya dokar, ko kana zarginsa, shi ma dole ka faɗa. Federico Coria na Ajantina bai sayar da wasa ba, amma a 2018 aka dakatar da shi saboda bai kai rahoton tayin da aka yi masa a 2015 ba. A nan ɗan wasan bibbiyu ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Mutumin da ake so ya tona shi ne wanda suke kwana ɗaki ɗaya don rage kuɗin otel, wanda wataƙila ya ranta masa kuɗin tikiti a makon jiya. Idan ya ce maka, "Yau kada ka matsa a zango na farko," ka gane nufinsa ka yi shiru, to shirun nan shi ne laifinka, ba na tarayya da shi a fili ba.

Hukuncin yana iya kaiwa haramcin har abada, da tarar da za ta kai dala 250,000, da mayar da abin da aka ci. Amma wannan ƙololuwa ce, ba abin da ake yi wa kowa ba. Younes Rachidi na Maroko, wanda ya taɓa kai matsayi na 473 a jerin 'yan bibbiyu na duniya, an kore shi har abada a 2023 bayan an same shi da laifuka 135. Wanda ya gaza kai rahoto ba a ma'aunin nan ake auna shi ba. Coria wata takwas aka yanke masa, aka jingine shida. Wanda aka kora kuwa ba wasa kawai ya rasa ba: ba zai horar da kowa a gasar da hukumomin tanis suka amince da ita ba, ba zai ma halarta ba.

Abu biyu ya kamata kowane ɗan wasa ya sani game da shari'ar. Ba kotun laifuka ba ce, don haka ba a buƙatar hujjar da ta kawar da duk wani kokwanto; ya isa jami'in sauraron ƙara ya gamsu cewa zargin ya fi rinjaye. Sannan masu bincike suna da ikon neman wayarka da bayanan bankinka, ƙin miƙawa ko goge saƙonni kuma laifi ne mai zaman kansa. Ana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta CAS da ke Lausanne a Suwizalan, ga wanda ke da kuɗin lauya.

Ina goyon bayan dokar, domin gungun masu sayen wasa na Grigor Sargsyan, wanda kotun Beljiyam ta ɗaure shekara biyar a 2023, a kan irin waɗannan ƙananan wasanni ya yi ƙiba. Amma nauyin bai rabu daidai ba. Kwamitin bincike mai zaman kansa ya faɗa a rahotonsa na 2018 cewa sayar wa kamfanonin caca sakamakon ƙananan wasanni kai tsaye, bayan yarjejeniyar ITF da kamfanin tattara bayanan wasanni na Sportradar da ta fara a 2012, ya buɗe ƙofar wannan ɓarna, har ya ba da shawarar a daina a matakin dala 15,000. Hukuma ta samu kuɗi daga kasuwar, yaron da ke lissafin kuɗin abinci kuma shi ake tambaya dalilin da ya sa bai tona abokinsa ba. Marco Trungelliti, ɗan Ajantina da ya yi abin da dokar ta ce ya kai rahoto, ya fito fili daga baya yana kukan cewa 'yan'uwansa 'yan wasa sun ƙaurace masa, kuma hukumomin ba su tsaya masa yadda ya kamata ba.