Wanda ya diro da lema ba a harbinsa, to jirgin da ya zo ɗaukarsa fa?

Mu da muke zaune ɓangaren filin jirgin Diori Hamani ƙarar alikofta ta zame mana jiki, yara ma sun daina ɗaga kai, tunda sansanin sojan sama na 101 ga shi nan kusa da mu. Amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin wace doka ce ke bin waɗannan mutane ba sai ran asabar da ta wuce, muna fada ana jiran shayi na biyu, wani ƙanena ya ciro salula ya nuna mana tsohon bidiyon nan na Siriya, na ranar 24 ga Nuwamban 2015, lokacin da Turkiyya ta kakkaɓo jirgin yaƙin Rasha samfurin Su-24. Mutum biyu sun fito da lema suna saukowa a hankali, ƴan tawaye daga ƙasa suna ta buɗe musu wuta. Matuƙin, Oleg Peshkov, bai iso ƙasa da rai ba. Yaron ya ce ai yaƙi ne, mutumin da ya gama zuba maka bam ka same shi yana lilo a sama kamar kayan shanya me kuma za ka jira? Kawuna da ya yi ritaya yana lasidan, yana kan kujerarsa ta roba yana jan casbi, ya ce masa kai yaro rufe bakinka, wannan da kake gani laifin yaƙi ne, mu tun muna ƙurata aka karanta mana shi.

To kawu ya yi gaskiya, kuma dokar a rubuce take. Akwai yarjejeniyoyin Janiba guda huɗu na 1949, sannan a 1977 aka ƙara musu wasu ƙarin yarjejeniyoyi biyu, kuma Nijar ta shiga duka, na farkon a 1964, ƙarin biyun a 1979. Wato ba dokar Turawa ce da muke kallo daga nesa ba, hannunmu na ciki. Aya ta 42 ta ƙarin yarjejeniya ta farko ita ce ta yi maganar lema, kuma gajera ce ƙwarai: duk wanda ya diro daga jirgin da ya samu matsala, ba a kai masa hari muddin yana saukowa. Shi kenan, babu sai dai babu amma. Ko minti biyu da suka wuce shi ya harba makami, da ya ja igiyar nan kujera ta wurgo shi waje ya zama mutumin da ba ya iya kare kansa, ba ya iya gudu, ba ya iya ma ɗaga hannu ya ce na miƙa wuya a gani. Lokacin da ake tsara ayar an yi gardama irin ta fadarmu sak, wasu ƙasashe sun ce to in iska za ta kai shi yankin mutanensa fa, gobe ya sake hawa wani jirgin ya dawo mana? Aka jefa ƙuri'a, wannan ra'ayi ya faɗi, ayar ta tsaya yadda take.

Sai dai kar wani ya ɗauka duk mai lema ne. Sojojin lema da ake saukowa da su takanas don su yi faɗa, irin kwamandon faran nan da muke gani ranar faretin 18 ga Disamba, ayar ta faɗa ƙarara ba ta rufe su ba. Su lema hanyar zuwa aiki ce, ba hanyar tsira ba.

In ƙafarsa ta taɓa ƙasa a yankin abokan gaba kuwa, doka ta ce a ba shi damar miƙa wuya kafin a kai masa hari, sai fa in ya bayyana a fili yana wani aikin gaba, misali ya zaro ƙaramar bindigarsa ya fara harbi. Anan abin ya fara murɗewa. Domin matuƙin da ya faɗo ba zama yake yi yana jiran a zo a kama shi ba, an horar da shi ya ɓoye lemarsa ya bar wurin ya nemi mafaka. Doka ba ta hana shi gudu ba, ba laifi ya yi ba, amma kuma wanda ke gudu bai miƙa wuya ba, don haka ana iya binsa, a tare shi, in ya ƙi tsayawa a yi amfani da ƙarfi. Nan kusa da mu ma an yi, ranar 18 ga Yulin 2021 ƴan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet na sojan saman Najeriya a Zamfara, matuƙin, Abayomi Dairo, ya diro da lema, ya laɓe har duhu ya yi, ya yi ta tafiya da ƙafa yana duba hanya a wayarsa har ya isa wurin sojoji. Ku ɗan tsaya ku hango, dajin Zamfara cikin damina, kai kaɗai, masu babura suna nemanka.

Yanzu ga inda ni kaina na sha mamaki, kuma dalilin da ya sa na zauna rubutun nan kenan. Duk wannan kariya ta wanda ya faɗo ce. Wanda ya tashi da alikofta ya je ɗauko shi ba shi da ko ɗaya. Aikin nemo soja a bayan layin abokan gaba a dawo da shi, a idon doka aikin yaƙi ne cikakke, don abin da kake yi shi ne hana abokin gaba kama fursuna, ka kuma mayar wa rundunarka matuƙin da aka kashe shekaru da kuɗi ana horarwa. Saboda haka in aka harbo jirgin ceto ba a karya wata doka ba. A wancan labarin na Siriya ma haka ta faru, Rasha ta aika alikofta neman mutanenta, aka buɗe wa ɗaya wuta, sojan ruwa guda ya mutu a ciki, jirgin ya sauka dole daga baya aka tarwatsa shi a ƙasa. Harbin mai lema laifi ne, harbin alikoftar da ta zo ceto ba laifi ba ne, rana ɗaya wuri ɗaya. Mutum na biyu da ya diro daga Su-24 ɗin an dai samu an ceto shi daga baya.

Da na faɗa wa kawu haka ya ce to da me kake tsammani? Shi ya sa a soja ba kowa ake sara wa da zuciya ɗaya ba. Ya ce alikofta in tana tafiya da gudu da sauƙi, amma lokacin da za ta tsaya cak a sama ko ta sauka a fili don mutum ya shigo, a wannan daƙiƙoƙin ko yaro mai kalashi zai iya samunta, ga ƙura ta turnuƙe matuƙi ba ya ganin ƙasa, ga nauyi, ga zafin rana irin namu da ke rage wa injin ƙarfi. Kuma ya san wannan tun kafin ya tashi, ya san masu neman wancan mutumin sun san jirgin ceto zai zo, sau da yawa ma da gangan suke barin wanda ya faɗo a matsayin tarko.

Misalin da aka fi sani shi ne na Bosniya. Ranar 2 ga Yunin 1995 Sabiyawan Bosniya suka harbo F-16 na Amurka, matuƙin Scott O'Grady ya yi kwana shida a daji yana cin ganye da tururuwa yana tara ruwan sama, sai ranar 8 ga wata aka samu muryarsa a rediyo. Da asuba sojojin kundunbala na ruwa suka shiga da manyan alikofta biyu tare da jiragen rakiya masu makamai, suka ɗauke shi cikin ƴan mintoci, a hanyar dawowa aka yi ta harbinsu. Ba wanda ya kai ƙarar masu harbin, don babu ƙarar da za a kai.

Wani zai ce to me zai hana a shafa wa jirgin jar kurwa, alamar Kurwa Ruj, a tafi lafiya? Nan ne dokar ta fi tsauri. Lallai akwai abin da ake kira jirgin jinya, kuma yana da kariya, amma sharuɗɗansa ba wasa ba. Dole aikinsa ya zama ɗaukar masu rauni da marasa lafiya da ma'aikatan jinya da kayansu kawai. Ba ya leƙen asiri, ba ya ɗaukar makami sai ƙananan bindigogin da ma'aikata za su kare kansu da majinyata, da waɗanda aka karɓa daga hannun masu raunin ba a kai ga miƙa su ba. A yankin da mutanensa ke riƙe da shi yana tashi ba sai ya nemi izinin kowa ba. A inda ake gwabzawa, kariyarsa ba ta cika sai an yi yarjejeniya da ɗaya ɓangaren tun kafin ya tashi, in babu to ya ɗauki kasada, ko da yake in an gane shi wajibi ne a ƙyale shi. A saman yankin abokan gaba kuwa sai da izini, kuma in suka ce ya sauka a duba shi dole ya sauka. Sannan aya ta 28 ta ƙarin yarjejeniya ta farko ta ƙara ɗaure abin: a waɗannan wurare biyu jirgin jinya ba ya yawon neman masu rauni sai da yardar ɗaya ɓangaren, don wanda ke shawagi yana neman mutum yana kuma ganin inda tankokinka suke. To ka ga matuƙin da ya faɗo lafiya lau yana ɓoye a gona ba majinyaci ba ne, jirgin da ya zo masa da bindigogi a ƙofa ba jirgin jinya ba ne. In ka manna alamar don ka yaudari abokin gaba ka karya doka, in kuma ka fake da ita ka kashe ko ka raunata wani to ya zama ha'inci, laifin yaƙi. Kuma ɓarnar ba a kanka take tsayawa ba, gobe ambulas ta gaskiya ce za a harba a ce ai su ma ƙarya suke.

In ceto bai yiwu ba aka kama shi, a yaƙin ƙasa da ƙasa ya zama fursunan yaƙi ƙarƙashin yarjejeniya ta uku. Abu huɗu kawai ya wajaba ya faɗa: sunansa, muƙaminsa, ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja. Ba duka, ba azabtarwa, kuma aya ta 13 ta hana a mai da shi abin kallo. Wannan ta ƙarshen ita ce zamaninmu ya fi takawa. A Fabrairun 2019 Pakistan ta kama matuƙin Indiya Abhinandan Varthaman, bidiyonsa da jini a fuska ya zagaye duniya, daga baya aka sake wani yana shan shayi yana yaba shayin, Indiya ta yi ƙorafi a kan nuna shi da aka yi, ranar 1 ga Maris aka mayar da shi gida. Mu da muke tura irin waɗannan bidiyo a guruf-guruf na WhatsApp doka ba mu take nufi kai tsaye ba, hukumar da ke tsare da shi take nufi, amma dai kallon namu ne kasuwar.

Na san abin da ke ranku, mu nan ai ba da wata ƙasa muke yaƙi ba, ƴan ta'adda ne a Tilaberi da arewacin Tawa da Difa, su wace Janiba suka sani? Gaskiya ne a irin wannan rikici na cikin gida babu matsayin fursunan yaƙi. Amma akwai aya ta 3 da ke cikin duka yarjejeniyoyin huɗu, tana ɗaure kowane ɓangare har da ƙungiyoyin da ba gwamnati ba: wanda ya ajiye makami ko ya ji rauni ko aka kama shi ba a kashe shi, ba a azabtar da shi, ba a yin garkuwa da shi, masu rauni a kwashe su a yi musu magani. Abin da Daesh ta yi wa matuƙin Jodan Mu'az al-Kasasba, da ta kama kusa da Raƙƙa a Disamban 2014 daga baya ta ƙone shi da rai cikin keji, ba ya zama halal don ƙungiyar ba ta sa hannu a takarda ba. Liman ɗin unguwarmu ma da zancen ya kai gare shi cewa ya yi ba sai an je Janiba ba, a duba Suratul Insan aya ta 8, inda aka jera fursuna tare da miskini da maraya cikin waɗanda ake ciyarwa.

Saura mu farar hula, wanda jirgi zai iya faɗowa bayan gonar geronsa. Aya ta 18 ta yarjejeniya ta farko ta ce jama'ar gari su girmama masu rauni kar su taɓa su, ko na wane ɓangare ne, kuma ba a tsangwamar kowa ko a hukunta shi don ya yi jinyar mai rauni. Ba shi ruwa, ɗaure masa ciwo, sanar da hukuma, duk doka na bayanka. Ɓoye lafiyayyen soja ko ba shi riga da rawani ya ɓad da kama wannan wani zance ne daban, kariyar jinya ba ta kai can ba.

Ƙanen nawa dai bai sallama ba, ya ce shi har yanzu bai ga adalci ba a ce wanda ya zo kisa an kare shi wanda ya zo ceto an bar shi a fili. Kawu ya miƙo kofinsa a zuba na uku, ya ce jeka tambayi na sansanin can ko sun taɓa fasa tashi saboda haka.