Riƙon Bangaskiya a Tsakanin Masihiyawan Karkarar Kano da Jigawa

Masihiyawa su ne Hausawan da ke bin addinin Kirista. A Kano da Jigawa galibinsu manoma ne 'yan asalin Maguzawa, waɗanda ke zaune a ƙauyukan yankuna irin su Sumaila da Ƙaraye da Roni. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi, sai a shekarun 1930 ne ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission (SIM) ta sami ƙofa ta hanyar jinyar kutare, musamman a Yadakunya kusa da Kano. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka kafa ikilisiyar ECWA, wadda ta samo asali daga aikin SIM, a 1954, makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa kuwa ta horar da masu bishara da yawa daga cikin 'ya'yan ƙasar.

Matsi na farko da Masihiyawa ke fuskanta daga cikin gida yake tasowa. Wanda ya karɓi addinin Kirista yakan ƙi yankan tsafi da ake yi kafin shuka, ya ƙi kai marar lafiya wurin 'yan bori, matarsa kuma ta daina dafa burkutu, alhali a can baya da ita ake sallamar 'yan gayya. Dattawa kan ɗauki wannan a matsayin raina kakanni, har idan yaro ya kwanta ciwo ko damina ta yi gardama, a ce shi ya jawo.

Na biyu ya fi nauyi, domin a idon mutane da yawa Bahaushe da Musulmi abu ɗaya ne. Saboda haka mutumin da bai san wani harshe ba sai Hausa, kakanninsa kuma a nan aka binne su, yakan ji an tambaye shi asalinsa da zarar ya ce sunansa Bulus ko Istifanus. Masihiyawa sukan koka kan wahalar samun filin gina majami'a, da ƙarancin malaman darasin addininsu a makarantun gwamnati, da musuluntar 'yan mata ta hanyar aure ba da yardar iyaye ba, kuma koken ya ƙaru bayan ƙaddamar da shari'a a jihohin biyu a 2000, ko da yake sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da 'yancin addini. Adalci ne a faɗa cewa a ƙauyuka da dama zumunci bai yanke ba: ana kai wa juna tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti, ana kuma zaman makoki tare.

Abin da ya fi riƙe su shi ne sujada cikin harshensu. Ran Lahadi ana taruwa a majami'ar laka mai rufin kwano, wani wurin ma a gindin bishiya, maza gefe guda mata gefe guda, 'yan Zumuntar Mata suna waƙa da tulu da caki. A gidaje da yawa, bayan tuwon dare, yaron da ya iya boko ne ke karanta wa iyayensa Zabura da hasken tocila.